Shehu Shagari: Malamin makarantar da bai manta da gida ba

Kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, Shehu Shagari malamin makaranta ne. An haife shi a garin Shagari a 1925, ya gama Kwalejin Kaduna a 1944, ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato.

Da juyin mulkin 1966 ya raba shi da kujerar minista, sai ya koma gida ya duƙufa wajen tara kuɗin gina makarantu a lardin Sakkwato.

A yau, matasan Shagari da Bodinga da dama kan tsallake zuwa birni da zarar sun kammala karatu, alhali ƙauyukansu na neman malamai da ma'aikatan lafiya. Shi kuwa, ko da ya rasu a Abuja a 2018, a Shagari aka binne shi.