Likitancin Injin Dizal: Abin Da Wayar Hannu Ke Iya Ganowa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, zai ga gona na jingine da gona, ba daji a tsakani, kuma kowace shekara ana nomansu ba hutu. A wannan yanki damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka idan ruwan shuka ya sauka, tarakta guda ta haya takan zama abin jiran manoma da yawa, kowa da ranarsa. In ta lalace ta yi mako a gareji, na ƙarshen layi sai ya yi shuka a makare, kuma dawar da aka shuka a makare ruwa yakan ɗauke mata kafin ta cika ido. Haka abin yake ga motoci irin su Hilux masu ratsa burji da yashi suna kai amfanin gona kasuwar Dawanau.

Mutanenmu suna kiran man dizal "gas", alhali asalin sunan na Bajamushen nan ne Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897. Injin dizal ba ya da filogin da ke tartsatsi kamar na fetur. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, matsin kuma ya sa zafinta ya haura digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ke fesa mai, shi kuwa ya kama da wuta da kansa. Wato dai rayuwar injin ta rataya a kan iska mai tsabta, da mai mai tsabta, da fesa shi a kan kari.

Tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson 375 famfon ƙarfe ne ke auna musu mai, makaniki kuma da kunne da launin hayaƙi yake gane ciwonsu. Sababbin injuna kuwa suna da 'yar kwamfuta wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Sunan ya dace, domin tsarin ya yi kama da na jijiyoyin jikin ɗan Adam: akwai ƙananan na'urori masu jin zafin ruwa, da yawan iskar da ke shiga, da ƙarfin matsin mai, suna aika saƙo ta wayoyi, ita kuma ƙwaƙwalwar ta yanke yawan man da za a fesa. Idan wani awo ya kauce wa ƙa'ida, sai ta ajiye lambar ciwon, ta kunna fitila a gaban direba.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci wani soket mai ramuka 16 a kusa da sitiyari, wanda ake kira OBD-II, Turai kuma ta wajabta shi ga motocin dizal a 2004. A wannan soket ake cusa wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, ta riƙa aika bayani zuwa manhajar waya irin su Torque. Manyan taraktoci suna da nasu tsarin, mai suna J1939, da soket mai ramuka 9, wasu kamfanoni ma ba sa buɗe duk bayanan sai ga dillalansu. Akwai kuma kamfanin Hello Tractor da ya fara aiki a Nijeriya a 2014, wanda na'urarsa ke nuna wa mai tarakta inda take da awowin da ta yi tana aiki.

Sai dai lambar da waya ke nunawa alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi alama ne, ba shi ne cutar ba. Alal misali, P0087 tana nufin matsin mai ya yi ƙasa. Ba ta ce famfo ya mutu ba, amma sau da yawa a kan wannan lamba ake sayen sabon famfo mai tsada, alhali matatar mai ce ta toshe.

Abin da ke toshe matatar kuwa wani lokaci mai rai ne. Tankin da ba a cika ba yakan shaƙi iska mai laima, in dare ya yi sanyi laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfe. Da yake ruwa ya fi dizal nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki. A mahaɗar ruwan da man ne bakteriya da funfuna ke kafa sansani: suna zaune a ruwa, suna cin mai. Fitacciya a cikinsu ita ce Hormoconis resinae, wadda ta daɗe tana damun masu kula da tankunan jiragen sama. Waɗannan halittu suna barin baƙar yauƙi da ke liƙe matata, suna kuma fitar da sinadarai masu tsami da ke cin ƙarfe. Nozul na zamani yana fesa mai da matsin da ya ninka na iskar sarari sau 1,600 ko fiye, ta ramukan da ba su fi silin gashi kauri da yawa ba, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya kassara shi. Taraktar da aka ajiye tun kaka da rabin tanki, ita ce ta fi haɗuwa da wannan. Maganin ba tsada: a cika tanki da yamma bayan aiki, a riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matata, a kuma guji man da ya daɗe a durom buɗe. Ƙurar hunturu ma tana yi wa matatar iska irin wannan ɓarna, waya kuma takan nuna iskar da ke shiga tana raguwa tun kafin hayaƙi ya yi baƙi.

Karanta awo daban, sauya tsarin ƙwaƙwalwa daban. Wasu masu gyara sukan ƙara yawan man da ake fesawa don mota ta ƙara ƙarfi a yashi. Ƙarfin yakan ƙaru, amma zafin cikin silinda ma yana ƙaruwa, fistan kuwa da alminiyam ake yinsa, wanda ke narkewa a wajen digiri 660. Wasu kuma sukan cire matatar hayaƙi da ke cikin salansa, su goge labarinta daga ƙwaƙwalwa. Suna da hanzarinsu, domin man da farar wuta ta yi wa yawa yana saurin toshe ta, kuma rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan na 2016 ya nuna irin wannan mai ake shigowa da shi ƙasashen Afirka ta Yamma. Amma huhun mutane ne ke biyan kuɗin. Ƙwayoyin kunkunniyar dizal sun yi ƙanƙantar da gashin hanci da majina ba sa tare su, sai su wuce har cikin 'yan jakunkunan iska na huhu, inda jini ke karɓar oksijin. A 2012 sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. A ƙauyen da gida ke manne da gona, direba da yaran da ke bin tarakta su ne farkon masu shaƙa.

Malaman kimiyya za su iya mai da wannan darasi na aji. A sami motar dizal mai lafiya, ɗalibai su rubuta zafin ruwanta, wanda yakan tsaya tsakanin digiri 80 da 95, da juyin injin a minti ɗaya, da yawan iskar da take shaƙa, sau ɗaya kowane mako daga Nuwamba zuwa Maris. A zana awon a kan takardar giraf, a sa alama a ranar da aka kakkaɓe matatar iska, a ga yadda layin ya sauya.