Daga Bokitin Fenti Zuwa Gonar Gero

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Minjibir, lokacin fenti sananne ne: bayan kaka in an sayar da amfani, ko gab da Sallah, ko ana shirin jeren amarya. Mai fenti ya gama, ya karɓi kuɗinsa, ya hau babur. A tsakar gida kuwa ga buroshi da rola, ga tsummoki masu warin kananzir, ga bokiti da saura a gindinsa. Uwargida ko yara ke kwashewa, kuma galibi a juji suke watsarwa.

To, jujin wannan yanki ba matattarar ƙarshe ba ce. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya bayyana yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, saboda yawan jama'a da ƙarancin fili. Taki ne ke riƙe da ƙasar. Toka, shara, kashin awaki, duk ana tara su, da rani jaki ya kai su gona a mangala. Abin da aka zubar a juji bayan Sallah, shi za a barbaɗa a gonar gero da wake kafin ruwan shuka.

Magabata ba su san wannan damuwa ba. Farar ƙasa, makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da lason da ake haɗawa da katsin marina, daga ƙasa da tsiro suka fito, in sun ragu su koma. Fentin kanti daban yake, kuma iri biyu ne. Na ruwa, wanda ake shafa wa bango, da sauƙi. Na mai, mai sheƙi, na ƙofa da taga, shi ne abin tsoro, domin wasu masana'antu na sa masa sinadaran dalma don launi ya fito kuma ya bushe da wuri, musamman rawaya, ja da ruwan lemo. Amurka ta hana irinsa a gidaje tun 1978. Hukumar Lafiya ta Duniya na goyon bayan iyakar dalma kashi 90 cikin miliyan a fenti, amma binciken da aka yi kan fentin mai a kasuwannin Najeriya ya sha samun gwangwanayen da suka zarce haka nesa.

Arewa ta san dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, sanadin niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Fenti ba ya kisa da wannan gaggawa. A hankali yake ci: dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, yaro mai rarrafe na kai hannu baki, ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa, illar da ba ta gyaruwa. Yaron da ya kasa riƙe karatu sai a ce daƙiƙi ne, ba mai tuna gwangwanin da ya yi wasa da shi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Buroshin fentin ruwa a fara goge shi a jikin tsohon buhun siminti, sannan a wanke cikin bokiti, ba a bakin rijiya ba. A bar ruwan ya kwana, laka ta kwanta, a tsiyaye na sama a busasshen wuri nesa da rijiya da turken dabbobi. Na mai kuwa da kananzir ake wanke shi. A juye kananzir ɗin a kwalba mai murfi, in ya kwanta a sake amfani da shi wajen wanke buroshi, amma kada ya shiga risho ko fitila. Tsummokin a shanya su a fili, ɗaya-ɗaya. In aka cukurkuɗe su suna iya ɗaukar zafi har su kama da kansu, a gidan da ke da dangar kara, rumbu da harawa, ga iskar hunturu. Kada kuma a ƙone su a murhu.

Saura mai yawa a shimfiɗa leda a bakin gwangwani, a danne murfi, a ajiye a inuwa inda yaro ba ya kaiwa. Ɗan kaɗan kuwa, da lakar da ta kwanta, a zuba musu yashi su daskare. Tunda ba motar shara da ke zuwa ƙauye, a ganina gara a cuɗa su cikin kwaɓin siminti a binne a harsashin gini da su bi taki.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne bokitin. Babu matar da za ta jefar da bokiti mai lita 20 da murfinsa, kuma ba laifinta ba ne, roba tsada gare ta. Wanda fentin ruwa ya fito daga ciki, in an kankare shi tas, ya yi wanki ko ɗibar ruwan gini. Ban yarda a jiƙa geron fura ko a ajiye ruwan sha a ciki ba. Gwangwanin fentin mai kuwa a huda gindinsa tun kafin mai fenti ya bar gidan, don kada wani ya tsince shi ya mai da shi guga.