Rabon Ma'adana Tsakanin Harsunan Kwamfuta: Darasi Daga Haruffa Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2025 aka ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar sarrafa Hausa da Yarbanci da Igbo, wadda cibiyar NCAIR ta hukumar NITDA da ke Abuja ta sa hannu wajen ginawa. Galibin irin waɗannan manhajoji da harshen Python ake rubuta samansu, amma aikin ƙarfi yana wuyan rumbunan da aka gina da C ko C++. Akan haɗa ɓangarorin biyu da wata 'yar manhaja, wadda a nan muka kira gada. Wannan maƙala za ta dubi yadda gadar ke kula da ma'adana, wato gurbin da kwamfuta ke ajiye bayani yayin aiki.

2.0 Wa Ke da Alhakin Gurbi?

Python yakan ƙirga masu amfani da kowane gurbi. Da zarar ba saura, sai ya sake shi da kansa. A harshen C kuwa, marubucin manhaja ne ke aron gurbi da umarnin malloc, ya mayar da umarnin free. Idan kalma ta ƙetare gada ba a fayyace mai alhakinta ba, ɗayan biyu kan faru: ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ma'adana ta cika, ko kuwa Python ya saki gurbin alhali C yana karanta shi, manhaja ta tsaya cik. Ƙa'idar ita ce, wanda ya ara shi zai mayar.

3.0 Matsalar Ƙugiya

A tsarin UTF-8, wanda aka ƙirƙiro a 1992, harafin k bayit 1 yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ kowanne 2. Saboda haka "kasa" bayit 4 ce, "ƙasa" kuwa 5, ban da bayit ɗin da C ke rufe kalma da shi. Gadar da ta auna gurbi da yawan haruffa za ta yi daidai da Ingilishi, amma a Hausa sai ta datse kalma, ko ta malala cikin gurbin maƙwabta.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kuskuren da ya ɓuya a Ingilishi yakan fito fili a Hausa. Wajibi ne manazarta harshe su nemi a gwada kowace gada da kalmomi irin su "ɓarawo" da "ɗanɗano" da "ƙaiƙayi" kafin su damƙa mata matanin bincikensu.