Ruwan da Ke Daskarewa a Kan Itatuwa

Daga 5 zuwa 10 ga Janairun 1998 aka yi ta tafka wani irin ruwa a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, wanda har yau mutanen lardunan Kwibek da Ontariyo na Kanada ba su daina ba da labarinsa ba. Ba dusar ƙanƙara ba ce, ba kuma ƙanƙarar nan mai faɗowa dunƙule-dunƙule ba. Ruwa ne tsagwaronsa, amma duk abin da ya taɓa sai ya daskare a kansa nan take. A kudancin birnin Montiriyal kaurin ƙanƙarar ya kai kusan milimita 100. Manyan turakun lantarki na ƙarfe wajen 1,000 suka durƙushe, mutane miliyoyi suka zauna cikin duhu da sanyi, wasu har makonni, sai da gwamnatin Kanada ta fito da sojoji kimanin 15,000 don agaji. Itatuwa kuwa miliyoyi ne suka lalace.

Yadda abin ke faruwa shi ne, iska mai ɗumi takan shimfiɗu a sama, mai tsananin sanyi ta kwanta a ƙasa. Dusar ƙanƙara ta taso daga gajimare, ta narke a cikin iskar ɗumin, ta zama ruwa, sannan ta ratsa iskar sanyin ba tare da ta sami sukunin sake daskarewa ba. Sai ta sauka a kan reshe take ƙanƙarewa. Kowane ɗigo yana hawa kan na baya, har nauyin reshe ya ninka kusan sau 30. Da kauri ya kai milimita 6 ƙananan rassa sun fara ɓallewa; ya wuce 12, manya ma ba su tsira ba.

Abin lura shi ne ba girman itace ko ƙarfinsa kaɗai ke cetonsa ba. Siffarsa ita ce kan gaba. Itatuwan sufurus da danginsu, masu ganga ɗaya miƙaƙƙiya da tsinin kai, rassansu gajeru ne kuma a sunkuye suke, don haka sukan ɗauki nauyin su ƙara sunkuyawa kawai. Itacen ok da na gyaɗar walnat, masu rassa kaɗan amma kaurara, su ma suna jurewa, domin ƙanƙara ba ta samun wurin kamawa da yawa. Waɗanda ke shan kashi su ne masu faffaɗan kai da tarin ƙananan rassa sirara, irin su wilo, foflar, da mapul mai farin bayan ganye. Duk masu saurin girma ne, kuma itace mai saurin girma ba kasafai yake da ƙwari ba. Wanda ya ga yadda guguwar farkon damina ke yi wa itacen turare ta bar tsamiya tsaye zai gane zancen.

Itacen birc nasa salon daban ne. Maimakon ya karye sai ya lanƙwashe har kansa ya taɓa ƙasa. Ƙanana sukan miƙe bayan ƙanƙara ta narke, manya kuwa da yawa a haka suke tabbata. A jihohin kudu na ƙasar Amurka, inda irin wannan ruwa ba ya yawan zuwa, itatuwan fayin masu dogayen ganyaye kamar allura su ne ke kakkaryewa a tsakiyar ganga, saboda ganyen da ba ya kaɗewa da sanyi ƙarin wurin zama ne ga ƙanƙara.

Akwai kuma laifin ɗan Adam, kuma a ganina ya fi yadda ake zato yawa. Itacen da aka bari ya rabu gida biyu tun yana ƙarami, da ɓawo maƙale a tsakanin gangunan, nan yake tsagewa. Wanda aka datse wa kai gaba ɗaya yakan fitar da tofo masu yawa marasa riƙo, su ne farkon zubewa. Gyaran da aka ƙi yi da almakashi a shekarun farko, da zarto ake yin sa daga baya.

Masu gonakin mapul na Kwibek, lardin da ke samar da mafi yawan ruwan zaƙin mapul na duniya, sun ji jiki a 1998. Sai dai malaman gandun daji sun gargaɗe su kada su yi gaggawar sara. Itacen da ya rasa ƙasa da rabin rassansa galibi yana farfaɗowa. Wanda ya rasa fiye da kashi 75 cikin 100 ne ake cire rai da shi.

Ga 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai waɗancan ƙasashe: in kun wayi gari itatuwa na ƙyalli, kada ku ajiye mota a ƙarƙashinsu, kada ku doki reshe don kakkaɓe ƙanƙara, domin daskararren reshe karyewa yake yi. In kuma reshe ya faɗa kan wayar lantarki, ku yi nesa da shi ku kira ma'aikatan wuta.