Kaushin Kiɗan Kwamfuta Ba Laifin Lasifika Ba Ne

A dinar biki a Wuse ko Gwarimpa, da zarar kiɗan piyano ya hau sama, sai a ji wani kaushi yana sukar kunne, nan take a ɗora wa mai lasifika laifi. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan waƙoƙin Hausa na yau a kwamfuta ake haɗa su, da manhajoji irin su FL Studio, kuma sau da yawa ɓarnar tana farawa ne tun daga osileta, wato ɓangaren manhajar da ke ƙirƙiro sautin daga lissafi zalla.

Galibi kwamfuta tana auna sauti sau 44,100 a sakan guda, don haka ba ta iya riƙe girgizar da ta wuce rabin wannan, wato 22,050. Shi kuwa sauti mai siffar haƙorin zarto, wanda ake yawan kwaikwayon goge da algaita da shi, yana da rassa marasa iyaka. Idan uwar sautin tana girgiza sau 5,000 a sakan guda, reshenta mai ninki takwas yana kan 40,000. Wannan reshe ba ya ɓacewa. Dawowa yake yi ya sauka a kan 4,100, ƙasa da uwar, inda bai dace da kowace murya a waƙar ba, kuma da zarar ya shiga babu matacin da zai cire shi ba tare da ya ci naman kiɗan ba. Maganin ba sabo ba ne. Tun 1996 Tim Stilson da Julius Smith na Jami'ar Stanford a Amurka suka nuna yadda za a gina sautin da rassansa ba sa ƙetare iyaka, daga baya aka samu dabaru masu sauƙin nauyi irin su PolyBLEP. Abin da ke hana ƙananan situdiyo na Kubwa da Nyanya cin moriyarsu shi ne tsofaffin manhajojin sata da ba a sabuntawa, da kwamfutoci marasa ƙarfi da ke sa mai haɗa kiɗa ya rage inganci don kada aiki ya tsaya.

Wasu za su ce ai a waya ake sauraro, ta WhatsApp, wa zai lura? Gaskiya ne matse waƙa zuwa MP3 yakan yanke can ƙololuwar sauti. Sai dai reshen da ya riga ya sauko kan 4,100 ya tsira daga wannan yanka, ya zauna daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi ji, tsakanin 2,000 da 5,000, inda ƙaramar lasifikar waya ma ta fi ɗaga murya.