Gyaran muƙamuƙin da ciwon noma ya ci

Karatunmu na yau a kan wani ciwo ne da likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba, a'a. Shi ne waɗansu ke ce wa ciwon iska, alhali babu ruwan iskoki a ciki. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Daga dasashi yake farawa, cikin 'yan kwanaki ya huda kunci, ya ci ƙashin muƙamuƙi. Yaron da ya tsira, sau da yawa bakinsa kan ɗafe, ko fura da ƙyar take shiga.

To, ana gyarawa. Likita ya kan yanko fata da naman ƙarƙashinta daga ƙirji ko ƙasan haɓa, ba tare da ya raba ta da jijiyar jininta ba, ya juyo ta ya toshe ramin. Ku lura da wannan da kyau: naman da jini ba ya zuwa masa mutuwa yake yi, kamar reshen da aka sare. Idan daga ƙirji aka ɗauko, sai bayan kamar mako uku, ta kama a sabon wurin, sannan a yanke gindinta.

Idan ƙashi ne ya tafi, akan ciro siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyinsa, a gyara shi siffar muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya. A Amurka aka bayyana wannan dabara a 1989, kuma mutum na tafiya lafiya lau ba tare da wannan ƙashin ba.

Akwai kuma muƙamuƙin ƙarfe da na'ura ke ƙerawa daidai da hoton kan majinyaci. A ƙasar Holan aka dasa wa wata tsohuwa mai shekara 83 irinsa a 2011. Abin sha'awa ne, amma a ganina ba shi ne gatan yaranmu ba: ƙarfe ba ya girma tare da yaro, kuma dole dai a lulluɓe shi da nama mai rai.

A Sakkwato akwai asibitin noma tun 1999. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles na kula da masu ciwon tun 1992. Sai dai ku sani aikin ba na yini ɗaya ba ne, wani yaron sai an yi masa sau uku ko fiye. Saboda haka in kun ga dasashin yaro na jini, bakinsa na ɗoyi, kunci ya fara kumbura, ku kai shi gidan likita ran nan. A wannan lokaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki suna tsai da ciwon.