Yadda Digon Jini Ke Nuna Raunin Zuciya

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, tsokar zuciya takan fara lalacewa, sai ta saki wani furotin mai suna troponin cikin jini. Hauhawar wannan furotin na cikin manyan hujjojin da likita ke dogara da su wajen tabbatar da bugun zuciya. Yanzu akwai ƙananan na'urori da ke auna shi a gefen gadon majinyaci.

Yaya na'urar ke aiki?

Masu ciwon suga sun saba da 'yar na'urar da ke auna suga da digon jini. Tushen wannan fasaha ya faro ne a 1962, daga aikin Leland Clark da Champ Lyons a Amurka. Ta troponin ma kusan haka take.

A cikin katin gwajin akwai ɗan siririn ƙarfe mai ɗaukar lantarki. An lulluɓe shi da sinadaran garkuwar jiki waɗanda troponin kaɗai suke kamawa. Da zarar jini ya ratsa, sai su riƙe shi. Daga nan wani sinadari ya haifar da 'yar wutar lantarki, na'urar kuma ta auna ƙarfinta. Gwargwadon yawan troponin, gwargwadon ƙarfin wutar. Na'urar i-STAT, alal misali, takan ba da sakamako cikin kimanin minti 10.

Abin da ya kamata iyali su sani

Troponin ba ya hauhawa nan take. Yakan ɗauki awanni kafin ya bayyana sosai. Saboda haka sakamakon farko na iya fitowa lafiya alhali akwai matsala. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan 'yan awanni, tare da gwajin ECG. Idan an ce ku jira, kada ku matsa a sallami majinyaci.

Haka kuma, ciwon ƙoda da gazawar zuciya na iya ɗaga troponin, don haka likita ne zai fassara sakamakon.

Duk wanda ya ji nauyi ko matsewa a ƙirji, musamman idan ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, a garzaya da shi asibiti. Kada a tsaya shan maganin olsa a gida.